Aladun Majula

Jiya da la'asar sakaliya aladu uku suka kashe ni a gaban ɗalibaina, kuma har yanzu da nake rubutun nan kunnuwana ba su huce ba.

Ni malamin lissafi ne, kuma na gama Dark Souls. Wanda bai san wasan ba ba zai ji nauyin wannan magana ba. Kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar da shi a 2011, Hidetaka Miyazaki ne ya ja ragamar aikin, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne kashe mai wasa ba sani ba sabo. Na ratsa ƙasar Lordran tun daga fadamar Blighttown mai dafi har birnin Anor Londo, na kayar da Ornstein da Smough, siriri mai mashi da ƙato mai guduma, su biyu a kaina ni kaɗai. Duk sanda darasi ya yi sanyi nakan ɗumama ajin da wannan labari. To da mai gidan gem na unguwarmu ya ce akwai kashi na biyu a cikin PS3 ɗinsa, ba wanda ya taɓa buɗe shi saboda kowa ƙwallo yake bugawa, sai yara suka ce lallai Malam ya nuna musu. Na ce a ba ni hannun. Har kuɗin awa na biya wa yaron da na tayar daga kujera.

Dark Souls II a 2014 ya fito, kuma ba Miyazaki ne ya jagorance shi ba, yana can yana fama da Bloodborne. Tomohiro Shibuya da Yui Tanimura aka danƙa wa. Wannan na faɗa wa yaran ina zaɓar jarumi, da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Na zaɓi barde mai sulke kamar yadda na saba. Wasu tsofaffin mata uku masu jajayen tufafi da ke zaune a bukkar farkon wasan suna ta yi mini dariya, na ce wa yaran al'adar wasan ce. Na wuce wurin koyon hannu ba tare da na tsaya karanta komai ba, na ɓulla Majula.

Gaskiya garin ya yi kyau. Firelink na kashi na ɗaya kango ne mai sanyi, ga hankaka ƙato a kan bango yana kallonka. Majula kuwa a gaɓar teku take, rana na shirin faɗuwa amma ba ta faɗuwa, kiɗa na tashi a hankali, har da wata kyanwa mai magana tana sayar da zobba. Na sami matar nan mai koren mayafi, Emerald Herald, wadda a wurinta kaɗai ake ƙara ƙarfi yanzu, alhali a na farko duk wutar zangon da ka zauna a gabanta ta isa. Ta miƙo mini gorar Estus, maganin da ke mayar da jini. Kurɓi ɗaya ne a ciki. A na farko biyar wani barde mai gargarar mutuwa ya ba ni tun ban bar kurkukun farkon wasan ba. Wani yaro ya duba wayarsa ya ce akwai ƙarin kurɓi a rijiyar da ke gaban babban gidan can, sai dai a doke dutsen da ke bakinta. Na nufi can ina tafiyar ƙasaita.

A daidai lokacin ne Baba mai gyaran janareta ya shigo karɓar cikon kuɗinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, hannayensa baƙi ƙirin da mai, sifana a aljihun gaba. Ya tsaya a bayana ya ce, "Wannan kuma wace irin ƙwallo ce?" Aka ce yaƙi ne, Baba. Ya ce to, ya jawo benci.

Sai ga su sun fito daga gefen gidan. 'Yan aladu uku, ko gwiwar bardena ba su kai ba, suna tafe suna ƙugi. Ni da na kashe ƙaton gursunun nan mai sulken ƙarfe a Undead Parish na kashi na ɗaya, na zaga bayansa na soke shi sau ɗaya ya zube. Na waiga na ce wa yara, "Ku kalli nan da kyau." Wannan jumla ita ce ta hana ni barci.

Na kai sara. Takobin ya wuce ta saman kansu, fiu, ya yanki iska. Na sake, ya sake yankar iska. Takobin barde a kwance yake sara, daidai ƙugun mutum, su kuwa abokan gabar nan a idon sawu suke. Na farko ya cije ni, na ga jan layin jinina ya zabge da yawan da bai dace da girman mai cizon ba. Hannuna, wanda kashi na ɗaya ya horar, ya danna L1 don ɗaga garkuwa. Babu garkuwa. Barden kashi na biyu ba a ba shi garkuwa, takobi kawai ake sallamarsa da shi, kuma tun fitowata ban duba hannunsa na hagu ba. Abin da ya yi shi ne ya kai wa sararin Allah naushi, a gaban jama'a, aladu na cin ƙafarsa.

"Ka hau bishiya," in ji Baba.

Na ce, "Baba, ba a hawa bishiya a nan."

"To katanga. Alade ba ya iya ɗaga kai sama, wuyansa guntu ne. Ni da ka gan ni na yi farautar gadu da ƙuruciya."

Na mirgina. A Dark Souls mirginawa ita ce rabin rayuwa: akwai ɗan ƙiftawar ido a tsakiyarta da ko me aka kawo maka ba ya taɓa ka, kuma yatsana ya san wannan ƙiftawa kamar yadda ya san hanyar bakina. Na mirgina a kan lokaci, wallahi a kan lokaci, amma haƙorin ya same ni a tsakiyar tungurawa. Daren jiya da barci ya ƙi zuwa na bi diddigin abin. Ashe a kashi na biyu an ɗaure tsawon wannan ƙiftawa da wani ma'auni da suke kira Agility, shi kuma yana ƙaruwa ne idan ka zuba rayukan da ka tara daga kashe abokan gaba a wani sabon gurbi mai suna Adaptability. Sai ya kai wajen 100 kafin mirginawa ta yi kama da ta kashi na ɗaya, sabon barde kuwa bai kai can ba. Wasan bai ga dalilin yi maka wannan bayani a fili ba. Kamar ka dawo gidanku daga tafiya cikin dare ne ka tarar an ƙara wa matakala taki ɗaya: baƙo zai bi a hankali ya wuce lafiya, ɗan gida ne zai fasa baki.

"A hanci ake dukansa," Baba ya ce, ya matso har ina jin warin fetur. "Duk ƙarfin alade a hanci yake. Kai kuma sai dukan iska kake, iskar ta yi maka laifi ne?"

Wani yaro daga baya ya ce in danna X in ba da fasin. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a aji idan malami ya juya yana rubutu da alli a bayan wandonsa.

Jini ya rage kamar faɗin farce. Na ja da baya, na ga na ba su tazara, na danna maɓallin shan Estus. A nan ne duniya ta tsaya.

Bari in faɗi yadda abin ya kasance dalla-dalla, tunda na kalle shi a raina ya fi a ƙirga. A na farko, ka kafa gora, jinin ya cike nan take, ka ci gaba da harkarka. A nan bardena ya kafe ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ya kai hannu ƙugu. Ya ɗago gorar a natse, kamar wanda aka gayyata walima. Ya ɗaga kai sama. Jan layin ya fara tafiya a hankali, yana rarrafe, don a kashi na biyu maganin bi da bi yake shiga jiki. Ni kuma ina danna kowane maɓalli da Allah ya hore wa hannun gem ɗin, har da na tsayar da wasa, wanda a Dark Souls ba ya tsayar da komai. Ina ganin ƙaramin cikinsu, wanda ya fi saura ƙanƙanta, yana tahowa daga kusurwar hagu ta talabijin, kunnuwansa na rawa. Bai yi sauri ba. Bai ma yi kama da mai fushi ba. Ya iso, ya ɗan ja baya, ya tunkuyi ƙwaurin mutumin da ya kayar da Ornstein da Smough.

Bardena ya durƙusa da gora a hannu, ya kife. Jan rubutun nan na Turanci ya bayyana a tsakiyar allo yana sanar da ni na mutu, ko da ban lura ba. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Da a nan aka tsaya da na iya cewa hannun gem ɗin ne ya lalace. Sai na'urar ta yi ƙara, ƙilin, wani ɗan akwati ya leƙo a saman allo ta dama. Lambar yabo. Masu wasan sun tanadi lambar yabo ta musamman ga wanda ya yi mutuwarsa ta farko, kuma ni aka ba wa, a bainar jama'a, da ƙararrawa.

"Ya ci?" in ji Baba.

Yaron da ya fi kowa faɗuwa a lissafi a ajina ya ce, "Eh, Baba, Malam ya ci kofi."

Baba ya ce, "Masha Allah. To ai ka ga amfanin shawara."

Ban tashi ba, don rayukan da na tara suna can a wurin da na faɗi, kuma dokar wasan tun na farko ita ce in ka sake mutuwa kafin ka taɓa wurin sun tafi ke nan. Na farfaɗo a bakin wutar zango, na ga jan layin ya gajarce. A na farko in ka mutu fatarka ce take yamushewa, jininka na nan yadda yake. A na biyu kowace mutuwa tana gutsure kashi 5 cikin 100 na jinin, a yi ta gutsura har ya koma rabi, sai ka yi amfani da wani ɗan gunki da ake kira Human Effigy kafin ya dawo, shi kuma ba a samunsa a banza. Wato wanda ya kasa da cikakken jini, an rage masa don ya ji daɗin sake gwadawa. Na yarda akwai abubuwan da na biyun ya fi: tun daga farko kana iya tsallakawa daga wutar zango zuwa wata, abin da a na farko sai ka kai tsakiyar wasa ka samo Lordvessel. Amma ina zan tsallaka, ni da aka tsare a garin da aka gina don hutawa?

Na koma. Suna nan suna jira.

Baba yanzu ya karɓi ragamar yaƙin gaba ɗaya, ya manta da cikon kuɗinsa. Ya ce in nemo toka in watsa musu a ido. Ya ce in cire sulken, ƙarar ƙarfen ce take tunzura su. Ya tambaya wa ke kiwon aladu a garin da ba a ɗaure su, ya ce in je in gaya wa mai unguwa. Da aka nuna masa wani barde da ke zaune a gindin dogon dutsen tunawa ya haɗa kai da gwiwa, sai ya ce, "Wancan ma su suka yi masa haka." Dutsen nan kuwa lissafin mace-mace yake yi, kuma wani yaro ya roƙe ni in je in karanta, wai yana son ganin ko lissafin ya yi daidai da nasa. Da na zo wucewa ta gefen ƙaton ramin da ke tsakiyar garin, Baba ya ce in yaudare su su faɗa ciki, haka suke yi wa gadu. Wannan kam ta yi kama da dabara. Na tsaya a bakin ramin, suka taho, na mirgina gefe. Gefen da na zaɓa shi ne ramin. Aladun suka tsaya a baki, lafiyarsu ƙalau.

"Ka yi gaggawa," in ji Baba. "Su za su fara shiga, sannan kai."

Fuskar bardena ta koma kore, jan layin ya ƙara gajarcewa, mai shago ya fara kallon agogo. Na sake fita, suka sake kewaye ni, takobi na ta aske iska. Baba ya dafa kafaɗata da hannunsa mai baƙin mai, a kan farar rigata ta zuwa makaranta, ya sassauta murya kamar zai ba ni sirrin da ya gada.

"Malam, saura dabara ɗaya. Ka kwanta ka yi kamar ka mutu. Ba sa cin mushe."

Kafin ya rufe baki ƙaramin ya iso. Bardena ya durƙusa, ya kife, jan rubutu ya fito.

"Yauwa, haka," in ji Baba. "Kar ka motsa tukuna."