Karen Kowa Daidai Bakinsa: Masu Kare a Birnin Zazzau

A cikin ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya ka ji mutum ya bugi ƙirji ya ce yana da kare. Amma bari dare ya raba, haushi ya tashi daga Kwarbai, Kusfa ta amsa, sai ka ce ko na aljanu ne. Masu su na nan, kuma kowa yakan zaɓi girman karensa daidai da abin da yake so a faɗa a kansa.

Ga Alhaji mai sabon gida. Shi da kilo yake sayen kare. Aka ce masa akwai Boerboel, ɗan Afirka ta Kudu, mai haura kilo 60, ya ce a kawo. Wani ya ce ai Caucasian ya fi gashi da kwarjini, ya ce a haɗa. Bai tambaya ba, ashe wannan ɗan ƙasar ƙanƙara ne. Da Afrilu ya kama, bazara ta sauka, kare ya zaro harshe yana haki, sai aka tayar da janareta aka kunna masa fanka, uwargida kuwa tana tsakar gida da mafici. Almajirai sun daina bara a ƙofar, dangi masu zuwa gaisuwar ƙarshen wata sun ragu, kuma ba a ji Alhaji ya yi kuka da wannan ba. Abin da ba ya so a sani shi ne, in ya dawo da dare ba ya fita daga mota sai ya kira maigadi a waya.

"Ka ɗaure shi?"

"Na ɗaure, ranka ya daɗe."

"Koma ka sake dubawa."

Sai amaryar da ta dawo karatu daga Ingila da ɗan Lhasa a hammata. Gashi ya rufe masa ido, sai ya motsa ake gane gaba da baya. Yana da sabulunsa, yana da matajinsa. Ranar da surukarta ta zo daga Kaura, ta kai hannu za ta ɗauke shi ta share tabarma, abin ya yi atishawa. Salatin da tsohuwar ta saka har zaure aka ji. Batun gadi kuwa, shi ake gadi, don ko shirwa ta gilma sai an ruga an kai shi ɗaka.

Malamin zaure ya fi ba ni sha'awa. Shekara da shekaru yana karantar da cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Gaskiya ne kuma. Sai aka kwance masa tumaki biyu ana saura mako Babbar Salla. Washegari littafin ya buɗe a wani shafin: ai an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya lasa ce ake wankewa sau 7. Har ya tuno labarin da ake bayarwa na Ibn Abi Zaid, mai Risala, wanda ya ajiye kare bayan katangarsa ta faɗi, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wani ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, babba za a samo ko ƙarami?" Malam ya ce a nemo wanda ɓarawo zai ji, maƙwabta ba za su gani ba.

Ɗan farauta dariya yake yi wa duka ukun. Nasa siriri ne, haƙarƙari a waje, laya a wuya. Ka nuna masa karen Alhaji, tambaya ɗaya zai yi: yana kama zomo?

Akwai kuma mai habaici. Ba ruwanta da girma, suna take nema. Ta raɗa wa kwikwiyo Ba-ruwanki ko Ƙyale-su, kuma ba ta kiransa sai kishiya ta fito shanya.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi yawa: mai karen da ba nasa ba. Yana zuba masa ƙanzo, karen yana kwana a ƙofarsa, in ya kori ɓarawo ya ce "karena." Ran da ya ciji yaro, ya zama karen unguwa. A nan wasa ya ƙare, domin ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi, kuma cizon ɗan Lhasa da na Boerboel duk ɗaya ne a wajen cutar. Wanda aka ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

In da ni za a tambaya, karen gida matsakaici ya wadatar: ya saba da zafinmu, yana cin tuwon da ya kwana, haushinsa na kaiwa bayan layi. Amma kowanne ka ɗauka, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Alhaji, Amarya, Malam, a kai shi a yi masa allurar rigakafi.