Maziyartan Salga, Kowa da Irin Tasa

Tun da aka gyara tsohuwar kasuwar bayi ta Salga da rijiyoyinta a 2024, baƙi suka ƙaru, hali ma ya ƙaru.

Akwai Mai-Waya, wanda ya zo ne don a gan shi. Ana isa Wankan Bayi, inda a da ake wanke mutane a shafe su da man kaɗe don su yi tsada, sai ya gyara zaman hula, ya washe baki: "Ɗan'uwa, sake ɗauka, rana ta kashe min ido."

Sai Malam Na-Sani. Ɗan jagora ya ce yaƙin basasar 1892 ne ya watsa garin, shi ko ya ce a'a, tun 1874 da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi kasuwar ta fara ciwo. Abin haushi, yana da gaskiya, kuma ba zai yi shiru ba har a shiga mota.

Amma Jikan Madugu ya fi kowa yawa. Kakansa, in ji shi, ya taso daga Kano da jakuna, ya kawo kanwa da tufafi, ya koma da goron Gwanja. Goro kawai? "Wallahi goro kawai!" Kowa ka tambaya haka zai ce. Ba wanda kakansa ya sayi mutum, balle wanda aka sayi kakansa. In wannan lissafi daidai ne, to kasuwar ta yi ta ci shekara da shekaru ba mai saye, ba abin sayarwa. Shi ɗin dai, in an kai shi Yendi gaban kabarin Babatu, Bazabarmen da ya addabi ƙasar Gurunsi da farautar bayi kafin ya rasu a 1907, sai ka ji yana kaɗa kai: "Allah sarki, mazan jiya!"

Baƙuwar da ta zo daga Amurka, ta cire takalmi tana hawaye, ita ba abin dariya ba ce. Abin dariya shi ne dillalin da ke binta da "sarƙar asali" wadda maƙeri ya gama shekaranjiya.

Hajiya kuwa har Pusiga aka kai ta, kusa da Bawku, inda ake cewa tsohon sarki Naa Gbewaa ya shige ƙasa. Ta saurara tsaf, sannan ta ce: "To, yarona, nawa buhun albasa a nan?"

In ka je, mai karatu, bar ɗan jagora ya ƙarasa zancensa, sannan ka sallame shi da kyau. Irin waɗannan yake fama da su kullum.