Ire-iren Jarumai, Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Bakin Watari

Jarumi shi ne mutumin da ya tunkari abin da jama'a suka guje wa, ya kuma samu wanda zai ba da labari. Sharaɗin farko kowa ya san shi. Na biyun ne ake yawan mantawa, alhali shi ya fi wuyar samu. Girkawan dā sun tara irin waɗannan mazaje da yawa a tatsuniyoyinsu, kuma halayensu ba su cika bambanta ba: ana haifar su ta wata hanya mai ban mamaki, su bar gida, su kashe wani dodo, su riƙe makami ko asirin da ba kowa ke da shi ba, sannan su ƙare cikin wahala. Ƙasar Hausa tana da nata. Wanda ya zauna a majalisar yamma a Bagwai, ko Kiyawa, ko Gadanya, tsawon kaka ɗaya, zai ga cewa irin bai ƙare ba, dodannin ne kawai suka ƙanƙance.

Na farko a jerin shi ne baƙo. Bayajida, in ji labarin Daura, daga Bagadaza ya taso, ya biyo ta Barno ya auri 'yar Mai, ya bar ta a Garun Gabas, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya shiga Daura da dare. Ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa, aka ce masa sai Juma'a, domin macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar. Ya karɓi guga ya fita. Mazajen Daura duk sun san macijin nan da tarihin waɗanda ya kora, shi kuwa baƙo bai san komai ba, kuma rashin sanin ya yi masa rana. Ɗan gari yana shan wuya kafin ya zama jarumi a garinsu, saboda kullum akwai tsohuwar da ta tuna ranar da ɗan akuya ya biyo shi yana kuka. Shi ya sa jarumin Bagwai na wannan aji yakan kai bajintarsa nesa. Ɗan ci-rani ne, ya yi rani a Legas ko Fatakwal yana gadi ko acaɓa, ya dawo da saukar damina da sabuwar waya da labarin yadda ya tarwatsa 'yan fashi bakwai shi kaɗai a ƙarƙashin wata gada. Idan aka yi rashin sa'a abokin tafiyarsa yana majalisar, sai a ji adadin ya sauko zuwa biyu, ɗayan ma yaro ne.

Da gari ya waye a Daura, Sarauniya Daurama ta sa aka yi shela cewa wanda ya kashe macijin za a ba shi rabin gari. Nan aka ga aji na biyu, wanda ya fi kowane aji yawa a kowane zamani, wato masu kawo kai. Mutane suka yi ta zuwa fada da kawunan macizai, ana gwadawa da gangar jiki bai dace ba. Abin tausayi a labarin su ne ƙananan macizan Daura na wannan safiya, waɗanda ba su taɓa tare wa kowa rijiya ba. Bayajida ya san halin mutane, don haka tun da dare ya sa kan a jaka ya tafi da abinsa. Farsiyus na Girka ma da ya sare kan dodanniya Madusa, a jaka ya zuba shi ya riƙa yawo da shi gari gari.

Jikokin masu kawo kai suna bayyana duk daren da aka yi ihun ɓarawo a unguwa. Sukan fito bayan an gama ɗaure shi, da gora a hannu, zanen tabarma raɗau a kumatunsu, suna haki. Wannan ya ce, "Ai ni na tare shi ta bayan rumbu." Wancan ya ce, "Haba Malam, da ban yi masa tsawa ba ina za ka same shi?" Kafin hantsi ɓarawon akuya ɗaya ya samu mutum goma sha biyu da kowannensu shi ya fara cafke shi. Yaron da ya taɗe shi kuwa tuni an aike shi sayo ƙosai.

Sai mai ƙarfi zalla. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe na dutsen Dala yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka har wajen mil tara. Takwaransa na Girka, Harkilis, ayyuka goma sha biyu aka ɗora masa, ciki har da share garken shanun wani sarki a rana ɗaya. Ya karkato koguna biyu suka wanke wurin tas. Girkawa sun ƙidaya wannan cikin bajinta, amma manomin Bagwai da ya san kuɗin buhun taki a bana, idan aka ba shi labarin, salati zai yi. Mai ƙarfi na yau yana nan a cikin 'yan dakon Dawanau da wajen gayya, inda yakan kama kunya biyu ya kai ƙarshen gona sauran suna tsakiya, ya kuma yi wa ƙwaryar fura abin da ya yi wa kunyar. Ba shi da yawan magana. Ana tunawa da shi idan mota ta kafe a laka ko sa ya faɗa rijiya, ana kuma mantawa da shi ranar rabon tallafi. Wanda ya haɗa ƙarfin da lissafi shi ke noma dami dubu a naɗa shi sarkin noma, amma irin wannan ba su da yawa.

Mai asiri ya fi shi ban sha'awa. Wata ruwaya ta Girkawa ta ce uwar Akilis ta tsoma shi a wani kogi yana jariri don kada makami ya kama shi, sai dai ta riƙe shi ta dunduniya, kuma nan kibiya ta same shi a yaƙin Turoyi. Hausawa sun san wannan ƙa'ida sarai: babu maganin da ba shi da sharaɗi. Ɗan tauri ya sha maganin ƙarfe, maharbi yana da layar zana da baduhu da kau-da-bara, ɗan dambe yana tsoron sagau, kuma kowane ɗaya akwai abin da ke karya shi. Sharaɗin nan yana da amfani ƙwarai ga mai bayar da maganin, don duk ranar da aka ga jini bayani yana nan a shirye: ko mace ta tsallake layar, ko an ci abin da aka hana, ko an manta da wani wanka. A dandali ɗan tauri yakan goga wuƙa a ciki har ta lanƙwashe, mata suna guɗa. A asibiti kuwa, idan zazzaɓin damina ya kayar da shi, allura tana shiga lafiya lau, ma'aikaciyar tana cewa, "Baba, saki jikinka mana," shi kuma ya runtse ido ya kama ƙarfen gado. Idan aka tambaye shi daga baya, sai ya ce ai kwance maganin ya yi tun daga gida, don kada ya karya wa gwamnati allura. Sarkin Kano Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi aka ce ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma da alama ya yi nazarin wannan al'amari da kyau.

Akwai kuma mai fushi kan rabo. Babbar waƙar Homa, mawaƙin Girka, a kan yaƙin Turoyi da fushin Akilis ta fara: shugaban rundunar ya ƙwace masa wata baiwa da ya samu a ganima, sai ya yi yaji ya koma tantinsa, har aka tura manyan mutane biko da alkawarin kaya, ya ce ba zai dawo ba. Ana ta kashe Girkawa yana zaune. A nan ƙasar, Kanta na Kabi ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka saɓa kan rabon ganima wajen 1516, ya ɓalle ya kafa daularsa, ya gina Surame. Wanda ya gaje su a yau shi ne mafaraucin da karensa ya kama zomo aka ba wani cinya. Zai saɓa gorarsa ya kama hanyar gida, ya rantse ba shi ba farautar garin nan har abada, kuma rantsuwar takan kai har ranar da aka sake kaɗa gangar farauta. Ana samun irinsa a cikin 'yan sintiri ma, ranar da mai unguwa ya raba tocila aka ba shi maras batir.

Duk waɗannan ba su isa ko'ina ba sai da makaɗi. An ruwaito cewa Iskandar na Makidoniya, da ya ziyarci kabarin da ake cewa na Akilis ne, abin da ya yi wa hassada shi ne mutumin ya samu Homa. 'Yan damben da suka yi kisa a filayen kaka na ƙasar Hausa ba su ƙidayuwa, amma sunan Shago ya wuce nasu domin Ɗan Anace ya ɗauke shi. A Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, rediyo da makaɗa ne suka kai sunayen 'yan kokawa ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Daga nan aka samu jarumin kiɗa, wanda zuciyarsa a cikin kalangu take. Muddin ana kiransa da sunan kakansa, jikinsa yana tsuma, yana kirari yana zagaya fili da zare a hannu. Makaɗi yana tsayawa ya sha ruwa, sai ya lura cewa abokin karawar ya fi shi tsawon hannu, ya tuna akwai wani tsohon targaɗe. Ƙaninsa shi ne wanda ya gano cewa kiɗan ana iya sayensa ba tare da an shiga fili ba. Wannan ya fi yawa a shekarar zaɓe, inda ake kiran mutum zaki da giwa da bajimi a lasifika, shi kuma yana cikin mota an ɗaga gilashi.

Mai wayo bai cika neman makaɗi ba, shi ke ba da labarin kansa. Odisiyus ya yi shekara goma a hanyar komawa gida daga Turoyi, ya rasa jiragensa da mutanensa gaba ɗaya, kuma mafi yawan abubuwan mamakin tafiyar daga bakinsa aka ji su, a fadar wani sarki, bayan an ci an sha, babu sauran mai ƙaryata shi. Gizo na tatsuniya ɗan wannan gida ne. Haka Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da Ganɗoki na Bello Kagara, littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, dukansu su ne masu ba da labarin nasu. A majalisa ana gane mai wayo da cewa bai taɓa gudu ba a rayuwarsa: ko dai ya tafi kiran mutane, ko ya zagaya ne don ya ɓullo ta baya. Abin da ke rage masa kasuwa shi ne zaman tsohon soja a kusa. Waɗanda suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da waɗanda suka yi Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, yawancinsu ba su da dogon labari, sai an matsa musu su ce an sha wuya, su koma kan maganar fansho. Dogon labarin yaƙi yana wajen wanda bai taɓa wuce Bichi ba. Na zamani ya koma Facebook, inda yake yaƙi da ƙasashe uku kafin cajin wayarsa ya ƙare.

Mata suna da nasu a tarihi: Amina ta Zazzau da ganuwowin da har yau ake kira da sunanta, da Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransawa a 1899. Ta yau da kullum ita ce wadda kububuwa ta shigo mata madafa. Maigida yana daga bakin zaure yana ba da umarni, "Ke, kada ki matsa! Ina tocilata? Wa ya ɗauke mini takalmi?" Kafin a samo takalmin ta gama da ita da taɓarya, ta koma kan tuwonta tana cewa, "Malam, sai ka fitar da ita waje kada yara su taka." Shi ke fitar da ita a kan sanda, ta ƙofar gida, daidai lokacin da ake fitowa daga sallar magariba, kuma ba ya gyara wa kowa fahimta. Tsohuwar Daura da ta ba Bayajida masauki da guga, ta kuma tona wa Sarauniya cewa baƙonta ya sha ruwa da dare, ba a ji an ba ta ko unguwa ɗaya daga rabin garin ba.

Ƙarshen jarumai a Girka bai cika kyau ba. Harkilis rigar da matarsa ta aiko masa ce ta yi ajalinsa. Agamemnon, shugaban rundunar nan da ya saɓa da Akilis, ya ci Turoyi ya dawo aka kashe shi a gidansa. Jeson ya tsufa yana zaune a gindin tsohon jirginsa, wani ruɓaɓɓen katako ya faɗo masa. A nan ƙasar ma, Sarkin Kano Alu, wanda ya hau gadon sarauta da yaƙi a 1894, Turawa suka kama shi a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926. Na ƙauye yakan samu sauƙi fiye da haka. Tsohon ɗan dambe yana komawa rabon faɗa a fili, ko ya shimfiɗa buhu ranar kasuwa yana sayar da maganin ƙarfi da na sanyin ƙashi, wanda shi ma yake sha. Tsohon mafarauci yana gadin lambun tumatir a bakin madatsar Watari, abokan gabarsa awaki ne da yara. Ɗan taurin da gwiwa ta hana shi tsalle yana ba samari magani, yana kuma ƙara sharuɗɗa biyu a kan waɗanda aka ba shi. Mai baki ne kaɗai tsufa ke ƙara wa kasuwa, domin duk shekara ana rage masa shaida ɗaya, 'yan fashin ƙarƙashin gada kuma su koma bakwai, wani lokaci har tara.