Masu Jiran Buhun Manomi a Kasuwar Alhamis

Ƙaramin manomi a arewacin Zamfara shi kaɗai yake shan wahalar damina: ciyawa, tsuntsu, tsadar taki, ga kuma 'yan bindigar da a wasu ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sai an biya su kafin a shiga gona, a sake biya kafin a girbe. Amma ranar da ya ɗaure buhun gero da kwandon tumatir a bayan babur ya nufi kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, sai masu rabo su ɓullo ta ko'ina.

Tun bai kashe babur ba dillali ya dafa buhu. Bai taɓa ganin mutumin ba, amma sai ka ji, "Kawu, an iso lahiya? Ina mutan gida?" Ya zura hannu ya ɗebo gero, ya tauna, ya yamutsa fuska ya ce, "Wanga bai ƙoshi da ruwa ba." Daga nan ya zagaya wurin Alhajin da ya zo sari daga Maraɗi ya raɗa masa cewa duk kasuwar babu geron da ya kama ƙafar wannan. Ya ci la'ada nan, ya ci can. Bai mallaki ko fartanya ba, kuma shekarar fari ba ta taɓa shafarsa.

Mai awo kuwa sai an zauna an kalle shi da kyau, don aikinsa gwaninta ne. In saye yake yi, sai ya cika tiya ta yi tozo, ya kewaye bakinta da tafin hannu, ya tallafo da damtse, har abin da ke kan hannunsa ya kusa kai na cikin kwanon. Ƙidayarsa ma da waƙa-waƙa yake yi, kuma in ya kai sha bakwai sai wani ya yi masa sallama, ya amsa, ya tambayi iyali da gajiya, sa'an nan ya dawo ya ce, "Sha shida ke nan, ko?" Da yamma in shi ne mai sayarwa, tiyar nan dai ce, amma ta rame, hannun da ke tallafe ya koma sharewa. Na daɗe ina ganin wannan mutum ya cancanci a ba shi aji ya koyar a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda.

Akwai mai ɗanɗano, wanda ke fitowa kasuwa ba karin kumallo. Gyaɗa nan, dankali can, rake a gaba. Kafin azahar ya ƙoshi, kuma ko'ina hukuncinsa ɗaya ne: "Bari in zagayo."

Inna mai tayi ba ta ɓoye niyyarta. Ka faɗi kuɗin kashin tattasai, ta raba uku ta taya kashi ɗaya. Ka ce albarka, ta juya ta tafi a hankali, kunnenta na baya tana jiran kira. In ba a kira ba ta dawo da kanta ta ce, "Haba ɗana, ni fa tsarar uwarka ce." A ƙarshe ta saya, sa'an nan a buɗe sabon ciniki kan gyara, wadda sau da yawa takan fi abin da aka biya.

Wanda ya fi ciwo shi ne ɗan uwa. Ba ya tayi, ba ya kushe kaya, yabawa ma yake yi. Ya sa a auna masa wake tiya biyar ya ce, "Yaya, in kasuwa ta zagayo." A 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro, kowa ya shiga damuwa ban da shi, tunda kasuwar ba ta zagayo ba, kuma ba laifinsa ba ne. An buɗe tuni, amma har yau labarin bai iske shi ba.

Ƙaninsa na zamani shi ne mai transfa, wanda ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya haifa. Ya haska maka fuskar waya ya ce kuɗi sun fita, sabis ne ke riƙe da su. Manomi kuwa asusun na ɗansa ne, ɗan kuma wayarsa tana wurin mai caji.

Ni dai na fi ƙaunar dattijon Ƙaura. Ba ya sayen komai, zama kawai yake yi a kan buhunka ya ba ka labarin jirgin ƙasa, wanda layinsa ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, da yadda ake loda gyaɗa da auduga a tasha. Yana magana kamar shi ya tarbi jirgin farko. In ya gama ya nemi na goro.

Kada a ɗauka shi manomin waliyyi ne. Tun da asuba ya tsara kwandonsa, jajaye manya a sama, waɗanda suka fara ruwa a ƙasa, kuma zai rantse maka cewa ƙasan ya fi saman kyau. In ya sallama kaya ya biya ta wurin mai balangu, ya sayi sabuwar tocila, ya isa gida ya shaida wa maiɗakinsa cewa yau kasuwa ta faɗi. Tsakiyar damina kuma, rumbu ya yi ƙasa, za ka same shi gaban mai awon nan yana sayen geronsa na bara da tsada, da tiyar yamma.

Saboda haka, mai karatu, in Alhamis ta kai ka Shinkafi, ka tafi da tiyarka, ka ƙirga awo da bakinka, kwandon tumatir kuma ka ce a juye maka shi kan tabarma kafin ka biya.