Ranar da Na Ce wa Kawu Ya Rufe Baki

A shekarar 2006 babu wanda ya kai ni Turanci a layinmu, ko kuwa in ce babu wanda ya kai ni ƙarfin hali. Na ci Ingilishi a jarrabawar WAEC, ga ƙamus ɗin Michael West da bangonsa ya yage kullum a aljihuna. Da zarar an tayar da janareta a shagon mai wanki da guga an saka faifan shirin 24, sai a matsa mini a benci a ce, "Malam, zo ka fassara mana." Ni kuwa in gyara zama kamar alƙali.

Jack Bauer, jarumin shirin, ya ba ni wahala. Mutumin nan in ba raɗa ba to tsawa, ba ya da tsaka-tsaki. Ana ruwan harsashi a Los Angeles, abokiyar aikinsa Chloe ta gaya masa wani abu ta waya, sai ya ce "Copy that." To, copy ai na san ta, mun sha kwafar darasi daga allo. Na ce wa jama'a, "Ya ce a yi masa fotokwafi." Mai guga ya dire dutsen gugarsa ya ce, "Wai mutanen nan ana harbin su ma sai sun yi fotokwafi?" Na ce ai Bature ke nan, komai sai da takarda. Kowa ya gyaɗa kai. Wata guda muka yi muna yaba tsarin aikin Amurkawa, kafin wani tsohon soja da ke zuwa karɓar wankinsa ya gaya mana cewa maganar oba-oba ce, ma'anarta "na ji, na gane." Na ce ai abin da nake nufi ke nan.

Sauran kuwa ba a magana. A wani fim an ce tsoho "kicked the bucket," na ce ya yi ƙwallo da bokiti, muka zauna muna mamakin yadda iyalinsa ke kuka a kan bokiti ɗaya. Ashe rasuwa ya yi. In an bi ta gaskiya, mu ma da muke cewa mutum ya sha iska ko ya ci amana ba mu da bakin yi wa kowa dariya, amma lokacin wa ya yi wannan tunani?

Abin da ya ja mini masifa ya zo ne ta dish. A tashar MBC 2 ta Larabawa na kalli The Princess Diaries, inda kaka, wadda sarauniya ce, take gaya wa jikarta cewa ita gimbiya ce. Yarinyar ta zaro ido ta ce "Shut up!" Na miƙe tsaye, ina jiran mari. Babu mari. Aka ma yi wa sarauniyar bayani cewa a Amurka kalmar takan zama ta mamaki da murna, kamar dai mu ce "Kai, don Allah!" Na ji kamar na tsinci dami a kala. Ga Turancin da babu shi a Michael West, kuma ni kaɗai na san shi a duk unguwa. Na adana shi ina jiran ranar da zan fito da shi.

Ranar ta zo da Kawu, yayan Umma, tsohon hedimasta da ya yi karatu a hannun Turawa, wanda har yau in yaro ya ce "I am coming" yana tafiya sai ya kira shi ya gyara masa. Ya shigo gidanmu bayan la'asar, aka shimfiɗa masa darduma, Umma ta kawo fura. Ya kurɓa, ya ajiye ludayi, ya ce, "Alhamdu lillahi, bana na samu kujerar Makka."

Umma ta fara guɗa. Ni kuwa na zaro ido yadda yarinyar ta yi, na buɗe hannuwa, na ce da iya ƙarfina, "Shut up!"

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Kawu ya cire tabarau a hankali, ya naɗe shi, ya sa a aljihu. Duk wanda ya yi makaranta a hannunsa ya san ma'anar wannan.

"Me ka ce?"

"Kawu, ai murna ce. A Amurka..."

"Nan Amurka ce?"

"A'a, Kawu, amma wata yarinya ta gaya wa sarauniya..."

Umma ba ta jin Turanci. Ta tambayi Kawu me na ce, ya fassara mata kalma da kalma, irin fassarar da ni nake yi a shagon mai guga. Ban tsaya jin ƙarshenta ba. Takalminta ya same ni a zaure, ɗayan kuma a bakin ƙofa. Sai da na je gidansa da asuba na durƙusa har sau uku kafin ya ce ya yafe.

Da ya dawo daga aikin Hajji kowa ya samu tsaraba, ni ma an ba ni dabino da hula. A jikin ledar ya rubuta sunan mai ita da jan biro, da kyakkyawan rubutunsa na hedimasta: Malam Shatap. Yanzu shekaruna sun haura arba'in, 'ya'yana huɗu, kuma da sunan ake nemana a layinmu.