Sarkin Jirgin da Ya Kafa Zana

Akwai wani dattijo ɗan kasuwa a Kantin Kwari da kowa ke kira Alhaji. Wata rana da yamma aka bugo masa waya cewa ƙaninsa na kwance a asibiti a Legas, jiki ya yi tsanani. Shekaru sun ja, ƙugunsa ba ya son kwanan mota, sai ya miƙa wa jikansa katin banki ya ce ya yankar masa tikitin jirgin safe ta waya. Yaron ya cike suna da ranar haihuwa, ya zaɓi kujera, ya sa lambar sirri. Nan take saƙon banki ya shigo, an cire kuɗi. Shafin kamfanin kuwa ya yi ta juyi, can ya ce lokaci ya ƙure, a sake daga farko. Tikiti bai zo ba. Da suka koma, kuɗin kujerar ya hau. Suka sake biya, domin wanda ɗan'uwansa ke gadon asibiti ba ya tsayawa ciniki. Wannan karon tikiti ya fito, amma cikin dare aka turo saƙo cewa an soke tashin saboda hazo. Alhaji ya ce hazo na Allah ne, ya bi mota, ya kuma tarar da ƙanin nasa da sauƙi.

Bayan ya dawo aka shiga neman kuɗi kashi biyu. In an kira lambar kamfanin, kiɗa ake sa wa mutum har katin waya ya ƙare. In an aika imel, amsa na zuwa kafin a ajiye wayar, amma na'ura ce ta rubuta. A ofishinsu na cikin gari aka ce wanda ya saya a intanet, can zai koma. Banki ya ce kuɗi ya bar hannunsa, a cike fom. Kamfani ya ce biyan farko bai iso ba, a tambayi masu dillancin biyan kuɗi da ke tsakani, waɗanda ba wanda ya san ƙofarsu. Daga baya wani ma'aikaci ya lura Muhammadu aka rubuta a banki, Mohammed a tikiti, ya ce sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu. Wata ya mutu, wani ya kama.

Abin da 'ya'yan Alhaji suka kasa ganewa shi ne, mijin 'yarsa babba ne a sashen kula da fasinjoji na wannan kamfani. Kira ɗaya ya isa. Alhaji ya ƙi, ya kuma hana a faɗa masa. Amma maganar da ta shiga ɗakin uwa ba ta daɗewa ba ta kai kunnen 'ya ba. Ranar wata Juma'a bayan la'asar sai ga surukin ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma, ya ce, "Baba, mun same ku lafiya? Ya mai jiki?" Alhaji ya amsa da fara'a, ya tambayi yara, ya sa aka kawo ruwa. Bai ta da zancen tikiti ba, domin a gidan Bahaushe suruki ba ya faɗa wa suruki magana gatsal. Sai ya juya wajen jikan nan ya ce, "Abokina, matso in ba ka labarin da kakana ya ba ni."

Ya ce kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake da jakuna suke zuwa Gwanja, su kai kanwa da turkuɗi da fatu, su ɗauko goro a Salaga. Tafiyar watanni ce, kuma dole a tsallake Kwara. A wani mashigi akwai tsohon sarkin jirgi da ke zama ƙarƙashin tsamiya a bakin gaɓa. Da hannunsa yake karɓar kuɗin fito, yana duban fuskar wanda ya ba shi. In ruwa ya cika ba a fita ba, kafin rana ta faɗi ya mayar wa kowa kuɗin wurinsa, ya sauki baƙi a zaurensa, matansa su dafa tuwo. Madugu in ya yi fushi ya san inda zai same shi, ya faɗa masa baƙa, shi ma ya rama, su shirya kafin magariba.

Tsohon ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Yaro ne mai basira da son aiki. Ya sa aka sassaƙa manyan jirage, ya ƙara matuƙa. Abu ɗaya ne ya dame shi, hayaniyar fatake da cinikinsu. Sai ya kewaye gindin tsamiyar da zana, ya bar wata 'yar kafa. Matafiyi ya zuba wuri ta kafar, a miƙo masa guntun kara mai shaida, ya nuna wa matuƙi ya shiga jirgi. Alhaji ya ce, "Kada ka ce dabarar ba ta da kyau, abokina. Mutane sun yi murna. Ba turereniya, ba sai ka san wani ba, ko tsakar dare ka iso za ka biya ka kwanta da karanka a aljihu."

To, amma wani lokaci wuri kan shiga, kara bai fito ba. Mutum ya leƙa, duhu. Ya yi sallama, sai wata murya daga ciki ta ce an ji, ya yi haƙuri, shi babban baƙo ne a wurin sarki. Ya jira. Da masu jira suka yi yawa, aka ɗauko mai goge aka zaunar da shi a bakin zanar yana yi musu kiɗa. Wanda ya gaji ya je wajen matuƙa, su ce su tuƙi suka sani, kara suke karɓa. Ya je wajen mai ƙirgar wuri, ya ce abin da aka kawo masa a ƙwarya shi yake ƙirgawa, a tambayi mai ɗaukar ƙwarya. Mai ɗaukar ƙwarya kuwa a cikin zana yake kwana. Wanda ya matsu sai ya sake zuba wuri, ya tarar kuɗin fiton hantsi ya ɗara na safe. In ruwa ya cika aka fasa fita, wurin da ya shiga cikin ƙiftawar ido sai an yi kasuwa bakwai ana bin sa, shi ma sai ka kawo shaidu biyu da za su rantse kai ne ka zuba.

Alhaji ya ɗan yi shiru, ya kurɓi ruwa. Ya ce goro ba ya jira. Kullum sai an kwance huhu an yayyafa masa ruwa an sauya ganye, in ya daɗe a gaɓa sai ya bushe ko tsutsa ta shige shi, bafatake ya koma Kano da bashi. Mai zuwa duba mara lafiya ya zauna yana kallon tsallake. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma wa za ka kama? Kowane bara da ka tarar mutumin kirki ne, yana ba ka haƙuri da gaske, sai dai ba a ba shi ikon mayar da ko wuri ɗaya ba.

Shi sarkin jirgi bai san ana haka ba. Ba azzalumi ba ne. Kullum da dare barori na kawo masa lissafi, jirage kaza sun fita, wuri ya ƙaru a kan na jiya. Ba wanda ya taɓa ƙirga masa mutanen da suka kwana a kan yashi, shi kuma bai taɓa zagayawa bayan zanarsa ya tsaya inda matafiyi ke tsayawa ba.

Wata rana gwaggonsa, ƙanwar ubansa, ta taso daga ƙauye za ta tsallaka. Ta iso da almuru a lulluɓe, ta zuba wurinta, kara bai fito ba. Ta kwana uku a gaɓa cikin matan fatake, tana cin abin da suka sam mata. A rana ta huɗu wani tsohon matuƙi ya gane ta, ya ruga ya faɗa. Sarkin jirgi ya fito ba hula, ya faɗi gabanta ya ce, "Gwaggo, don me ba ki faɗi sunanki ba?" Ta ce, "Da na faɗa, da tun daren farko an fitar da ni. To waɗannan da muka kwana tare, sunan wa za su faɗa? Ubanka a nan yake zama, a waje."

Jikan ya ce, "To ya cire zanar?" Alhaji ya ce kakansa bai kai nan ba aka kira salla. Ya miƙe ya ɗauki buta. Surukin kansa na ƙasa tun tsakiyar labarin. Ya ce, "Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana," ya yi sallama ya tafi. Ranar Litinin da hantsi saƙon banki ya shigo har biyu. Jikan ya kawo wayar yana murna, Alhaji ya duba ya ce, "Na gwaggo ya fito. Saura na matan fatake."

Ni dai a wannan labari gefen Alhaji nake. Sayen tikiti ta waya alheri ne, ya raba mutane da layi da 'yan ka-yi-na-yi, kuma ba mai son a koma baya. Ban kuma yarda da masu cewa mutanenmu ne ba su iya ba. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma 'yan kasuwar da ke tura miliyoyi Legas ta waya kullum ba za a ce latsa waya ya gagare su ba. Abin da ya ɓace shi ne mutum mai suna da fuska, wanda aka ba ikon ya ce kuɗinka na nan, ga ranar da zai dawo, ranar kuma ta zo ya dawo. Wanda ya iya gina ƙofar da kuɗi ke shiga cikin daƙiƙa, ya iya gina wadda zai fita. Kuɗin fasinjan da ba a ɗauka ba amana ce a hannun kamfani, ba jari ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, waɗanda aka sabunta a 2023, ya ce wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet a mayar masa cikin kwana 14. A tafiyar cikin gida, jinkirin awa 2 na wajabta abin taɓawa, na awa 3 na ba fasinja damar karɓar kuɗinsa. Babban Bankin Najeriya kuma tun 2020 ya sa awa 72 a matsayin wa'adin warware biyan da ya maƙale a intanet. A Disambar 2024 hukumar jiragen ta sanar da ɗaukar mataki kan kamfanoni 5 saboda saɓa wa ƙa'idojin kare fasinja, ciki har da riƙe kuɗin mutane. Wanda abin ya shafa ya adana saƙon banki da lambar ƙorafinsa, ya fara da kamfani a rubuce, in wa'adi ya wuce ya nemi jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar, suna nan a filayen jiragen sama.

Ku kuma da Allah ya ɗora a kan kujerun shugabancin kamfanonin jiragen sama, don Allah wata rana ku ajiye lambar abokin aikinku, ku kira lambar da kuka buga wa jama'a, ku jira har a ɗauka. Ku sa wanda zai amsa wa dattijo da harshen da yake ji, ku kuma ba shi ikon mayar da kuɗi ba tare da ya tambayi wanda ya kira ko surukin wane ne ba.