Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malam Ondilar, Mazaunin Ƙarƙashin Tebur

Zuwa ga Malam Ondilar, wanda ƴan Kano ke ce wa UPS, a ƙarƙashin duk teburin da wannan takarda ta riske shi cikin birnin Maraɗi da kewaye. 

Malam Ondilar baƙin akwati ne mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa. A cikinsa akwai batir, da na'urar da ke mai da wutar batir irin ta bango. Mazauninsa tsakanin bango ne da akwatin ajiyar bayanai, wato ƴar kwamfutar nan mai faifai biyu ko huɗu, irin ta Synology ko QNAP, wadda mai ɗaukar hoton biki a unguwar Zariya ke tara aikinsa a ciki, ko alhajin da ya gaji da littafin bashi, ko malamin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai tsoron ɓatan rubutunsa. In wuta ta ɗauke faifan suna tsakiyar rubutu, abin da ake rubutawa ya lalace, wani lokaci har ya shafi na kusa da shi. Dalilin ɗaukar Malam aiki ke nan: ya riƙe wuta na ƴan mintoci har akwatin ya gama abin da ke hannunsa, ya rufe kansa cikin mutunci. Matsayinsa na buta ne, ba na rijiya ba, kuma ya kamata ya daina barin masu shago suna yi masa kirarin da ba nasa ba.

Wutar Maraɗi baƙuwa ce. Daga Katsina take tasowa ta layi mai ƙarfin kilobolt 132, ta ya da zango a Gazawa, sannan ta rabu, wani reshe ya nufo Maraɗi, wani ya nufi Damagaram. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke raba ta. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse layukan a farkon Agusta, ba a maido da su ba sai Maris na 2024. A waɗancan watannin an ga iyakar Malam ƙarara. Ɗaukewar wuta ta rabin yini ba tasa ba ce, ta hasken rana ce da injin gurup, wato janareta.

Ƙorafi na farko a kan lambar da ke goshinsa ne. Malam ya rubuta 650VA da manyan baƙaƙe, mai saye ya ɗauka wat 650 ne, alhali a ƙananan samfura abin bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, kuma an ɓoye wannan a bayan kwali da rubutun da sai da tabarau. Duk da haka akwatin ajiya mai faifai biyu ba ya cin fiye da wat 20 zuwa 30, na'urar raba intanet ta ƙara kamar 10, don haka ƙarfin ya isa har da saura. Inda gizo ke saƙar shi ne batirin. Mafi yawan ƙananan suna ɗauke da guda ɗaya mai bolt 12 da amfa-awa 7, wato wat-awa 84. A takarda wannan zai riƙe wat 40 har awa biyu. A aikace Malam kan ci nasa kason wajen juya wutar, ya kasa kai wa nan nesa ba kusa ba. Sannan in ya ƙare, sai ya yi awa shida zuwa takwas kafin ya cika. Ranar da wuta ta ɗauke sau uku tsakanin azahar da isha'i, ta ukun takan same shi da yunwa.

A nan ne kebul ɗin USB ya shigo, kuma shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a duba kafin a fitar da jika ko ɗaya. Ondilar mai ƙofar USB yana iya gaya wa akwatin ajiya cewa an ɗauke wuta, akwatin kuma a saita shi ya rufe faifansa bayan minti biyar, ko mai gida yana Babbar Kasuwa ko yana barci. Wanda ba shi da ita kuwa ba abin da ya iya sai kuka. Zai yi ta tsuwa da ƙarfe biyu na dare, ya ta da jariri da uwarsa, in batir ya ƙare ya saki akwatin farat ɗaya, ɓarnar da aka saye shi don gudunta ta auku, sai dai ta makara da rabin awa. Masu ƙera akwatunan suna fitar da jerin samfuran da suke jin maganarsu, na APC da Eaton na ciki, kuma duba jerin bai kai wahalar komawa shago da gardama ba.

Dangin Malam uku ne. Ƙaramin yana zaune ne kawai yana jiran wuta ta ɗauke ya karɓa. Na tsakiya yana da abin daidaita ƙarfin wuta, mai alamar AVR, wanda ke ɗaga ta in ta yi ƙasa da bolt 220 ɗin da aka alkawarta, ba tare da taɓa batir ba. Babban kuwa kullum shi ke haɗa wutar da kansa, ga tsada, ga zafi, ga fanka mai gurnani. Na tsakiyan ne ya dace da ƙasar nan. A bazara, sa'ad da kowane gida ya kunna fanka da firiji, wuta kan yi sanyin jiki, balle a Tibiri ko Jiratawa inda famfunan noman rani ke jan nasu rabon. Ƙaramin kan ɗauki kowane rauni a matsayin ɗaukewa, ya yi ta tsalle zuwa batir har ya tsiyaye kansa alhali kwan fitila na ci.

Sai babban maƙiyi, wato zafi. An auna rayuwar batirin dalma, shekara uku zuwa biyar, a ɗaki mai maki 25, kuma duk ƙarin maki 10 yana raba ta biyu. Maraɗi a Afrilu da Mayu tana haura 40. Wanda ya cusa Malam cikin kabad a ɗaki mai rufin kwano, kada ya yi mamaki in ya tarar da batir ya kumbura kafin bazara ta biyu. Abin takaicin shi ne Malam ba ya faɗin ciwonsa: fitilarsa kore shar, sai ranar gwaji ya faɗi cikin daƙiƙa. Maganin abin shi ne a ajiye shi inda iska ke ratsawa, a kaɗe masa ƙurar hunturu, duk bayan ƴan watanni a zare shi daga bango da gangan a ga tsawon numfashinsa. A zaɓi kuma wanda ake iya buɗewa a sauya batirinsa. Masu batirin litiyam na LiFePO4 sun fi jimirin zafi, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Adalci ne a ambaci zaluncin da ake yi wa Malam shi ma. Ramukansa na baya suna jan ido, har wani ya soka dutsen guga, wata ta soka firiji, yaro ya jona firinta mai leza. Duk waɗannan sun fi ƙarfinsa. Ƙaramin gurup kuma wutarsa rawa take yi, Malam yakan ƙi karɓarta, kuma yana da gaskiya. Tsawar damina in ta biyo waya, kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba, gara a zare komai in hadari ya haɗo daga gabas. Faifan da ya tsufa ya mutu, ko ɓarawon da ya sungumi akwatin dungurungum, ba huruminsa ba ne. Wannan aikin kwafi na biyu ne, a wani faifai daban, wanda za a kai ajiya gidan ɗan'uwa a Tibiri.

Haza wassalam.